Dashen zuciya: Abin da gwaji kan dabbobi ya nuna game da magungunan danne garkuwar jiki

Kafin a dasa wa ɗan Adam zuciya a karon farko a shekara ta 1967, likitoci sun shafe fiye da shekaru 60 suna gwada aikin a jikin karnuka. Ɗinkin jijiyoyi sun ƙware a kansa tun da wuri. Abin da ya gagare su shi ne kumburin da ke cinye sabuwar zuciyar cikin 'yan kwanaki.

Magungunan da aka samo domin kashe wannan kumburi, su ne dai waɗanda aka yi wa dashen ƙoda a Kano suke sha a yau, safe da yamma. Saboda haka darasin da aka koya daga karnuka da ɓeraye da birai ya shafi mai jinya daga garuruwa irin su Birchi da Kurfi da Dutsin-Ma a jihar Katsina, kamar yadda ya shafi na Turai ko Amurka.

Me ya sa jiki ke ƙin karɓar dashe?

Mai lambu kan ɗaura reshen mangwaro ɗan aure a jikin wata bishiyar mangwaro, su haɗe su zama ɗaya. Jikin dabba ko na mutum bai yarda da irin wannan auren ba, domin yana da fararen ƙwayoyin jini masu sintiri, waɗanda aikinsu shi ne bambance ɗan gida da baƙo.

Kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da wata shaida a bayanta, wadda mutum ke gada daga iyayensa. Idan fararen ƙwayoyin da masana ke kira ƙwayoyin T suka ci karo da shaidar da ba su sani ba, sai su fitar da wani sinadari mai suna intalukin-2, wanda ke sa su hayayyafa cikin gaggawa, su kuma kira wasu ƙwayoyin su kawo musu ɗauki.

Taruwar waɗannan ƙwayoyi a cikin tsokar zuciya, tare da ruwan da ke tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini, shi ne kumburin da ake magana a kai. Tsokar kan sanƙare, bugun ya raunana, daga nan ya tsaya.

Masanin Birtaniya Peter Medawar shi ne ya tabbatar, a gwajin da ya yi da fatar zomaye a shekarun 1940, cewa wannan ƙi aikin garkuwar jiki ne. Ya lura cewa idan aka sake dasa wa zomo fata daga zomon da ya ba shi ta farko, jikinsa kan lalata ta da sauri fiye da karon farko, wato dai jiki na tuna baƙonsa. An ba shi lambar yabo ta Nobel a shekara ta 1960.

Zamanin karnuka

A shekara ta 1905, Alexis Carrel da Charles Guthrie sun ɗinka zuciyar ɗan kwikwiyo a wuyan wani babban kare a birnin Chicago, ta kuma buga na kimanin sa'o'i biyu.

A shekara ta 1933, Frank Mann da abokan aikinsa a asibitin Mayo da ke Amurka sun maimaita irin wannan gwaji, zuciya ɗaya ta kai kwanaki takwas. Da suka duba tsokar a madubin likita, sai suka tarar fararen ƙwayoyin jini sun cika ta maƙil. Suka ce matsalar tana ga rashin jituwa tsakanin jikin biyu.

Richard Lower da Norman Shumway na jami'ar Stanford sun cire zuciyar kare gaba ɗaya sun sa wata a gurbinta a shekara ta 1960. Karnukan da suka tashi daga aikin sun ci abinci, sun yi yawo, amma duk sun mutu tsakanin kwana shida da 21, domin ba a ba su wani magani na danne garkuwa ba.

Bayan shekaru biyar, masu binciken suka ba karnuka maganin azatiyofirin tare da wani nau'in magungunan sitiroid. Sun kuma gano cewa ƙarfin layin da na'urar awon bugun zuciya ke zanawa yana raguwa idan kumburi ya fara, sai su ƙara magani a daidai lokacin. Da wannan dabara wani kare ya rayu kwanaki 250.

Sai dai gwajin ya bayyana wata matsalar. Karnukan da aka riƙa ba su magani mai yawa ba ƙaƙƙautawa sun riƙa mutuwa da cututtuka masu yaɗuwa, alhali zuciyar tana lafiya.

Darasin Cape Town

Abin da ya faru da karnuka shi ya faru da mutum na farko. A ranar 3 ga watan Disamba na 1967, Christiaan Barnard ya dasa wa Louis Washkansky zuciya a asibitin Groote Schuur da ke birnin Cape Town na Afirka ta Kudu.

Da aka ga wata alama a huhunsa, likitoci sun ɗauka jikinsa ne ya fara ƙin zuciyar, suka ƙara masa magungunan danne garkuwa. Ashe ciwon namoniya ne. Ya rasu bayan kwanaki 18.

A shekara ta 1968 an yi dashen zuciya kimanin ɗari a ƙasashe daban-daban, akasarin masu jinyar kuma ba su wuce 'yan watanni ba. Asibitoci da dama sun dakatar da aikin, masu bincike suka koma ɗakunan gwaji.

Ɓera mai zuciya biyu

Gwaji da karnuka yana da tsada da wahala. A shekara ta 1969 wasu masu bincike biyu, Ono da Lindsey, suka bayyana hanyar dasa wa babban ɓera zuciya ta biyu a cikin cikinsa, a bar masa tasa ta asali tana aikinta. A shekara ta 1973 aka yi irin wannan a jikin ƙananan ɓeraye.

Amfanin wannan hanya shi ne, dabbar ba ta mutuwa idan zuciyar dashen ta tsaya. Mai bincike kan taɓa cikin ɓeran kullum da yatsa ya ji bugun. Idan ɓerayen biyu ba su da dangantaka kuma ba a ba da magani ba, bugun kan tsaya cikin mako guda ko makamancin haka. Duk maganin da ya tsawaita wannan wa'adi, ya cancanci a ƙara bincike a kansa.

Kusan dukkan manyan magungunan da ake amfani da su yanzu sun bi ta wannan gwaji.

Yadda kowane magani ke aiki

Magungunan sitiroid, irin su firednisolon da deksametason, suna shiga cikin ƙwayar halitta su hana ta sarrafa sinadaran da ke rura kumburi. Aikinsu na da sauri kuma ya shafi nau'o'in fararen ƙwayoyi da yawa, shi ya sa har yanzu da su ake fara kashe kumburi mai tsanani. Daɗewa ana shan su na kawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi da kumburin fuska.

Azatiyofirin, wanda ake sayarwa da sunan Imuran, ya fito ne daga binciken Gertrude Elion da George Hitchings, kuma likitan Birtaniya Roy Calne ya fara gwada shi kan karnukan da aka dasa wa ƙoda a farkon shekarun 1960. Yana hana ƙwayoyi rarrabuwa, amma ba ya zaɓe: yakan taɓa ɓargo, inda ake samar da jini.

Saikulosforin shi ne ya sauya al'amarin. Kamfanin Sandoz na ƙasar Suwizalan ya samo shi daga wata funfuna da ke cikin ƙasar da aka ɗebo a Norway, kuma Jean-François Borel da abokan aikinsa suka wallafa tasirinsa a shekara ta 1976. Yana toshe wani sinadari mai suna kalsiniyurin a cikin ƙwayoyin T, sai su kasa fitar da intalukin-2, ba tare da an lalata ɓargo ba.

A jami'ar Cambridge an nuna a shekara ta 1977 cewa maganin na tsawaita rayuwar zuciyar dashe a jikin ɓeraye, a 1978 kuma a jikin aladu. Jami'ar Stanford ta gwada shi kan birai, sannan ta fara bai wa mutanen da aka yi wa dashen zuciya a watan Disamba na 1980. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1983. Yawan waɗanda ke kai shekara guda da rai bayan dashe ya tashi daga kimanin kashi 60 cikin ɗari zuwa sama da kashi 80.

Takrolimus, wanda aka fi sani da sunan Prograf, kamfanin Fujisawa ne ya gano shi a shekara ta 1984 a cikin ƙasar da aka ɗebo kusa da dutsen Tsukuba a Japan. Hanyar aikinsa ɗaya da ta saikulosforin, amma ɗan kaɗan daga cikinsa kan wadatar. Dukkansu biyu suna iya lalata ƙoda idan suka yi yawa a jini.

Maikofenolet, wato CellCept, yana hana ƙwayoyin T da takwarorinsu ƙwayoyin B samun kayan da suke buƙata domin hayayyafa. A yanzu ya maye gurbin azatiyofirin a akasarin asibitoci. Yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka mace mai niyyar ɗaukar ciki sai ta sanar da likita a sauya mata.

Sirolimus kuwa an samo shi ne daga ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik. Ba ya hana fitar intalukin-2, amma yana hana ƙwayoyin amsa kiransa. Randall Morris na Stanford na cikin waɗanda suka fara nuna tasirinsa kan zuciyar ɓeraye a ƙarshen shekarun 1980.

Akwai kuma wani ruwan magani da ake tacewa daga jinin zomo ko doki bayan an yi musu allurar ƙwayoyin T na ɗan Adam. Ana ɗura shi a jijiya a kwanakin farko na dashe, ko kuma idan sitiroid ya kasa.

A yau akan haɗa magunguna uku, galibi takrolimus da maikofenolet da firednisolon, domin a rage yawan kowane ɗaya, a kuma rage illarsa.

Kumburi iri uku

Babban abin da gwaje-gwajen dabbobi suka fito da shi shi ne cewa kumburin da ke biyo bayan dashe ya kasu kashi-kashi, kuma magungunan ba su da ƙarfi iri ɗaya a kan kowanne.

Na farko yana farawa tun a ɗakin tiyata. Zuciyar da aka cire ana ajiye ta a cikin sanyi, kuma ba a so ta wuce sa'o'i huɗu zuwa shida ba tare da jini ba. Da zarar jini ya komo, ƙwayoyin da suka jikkata kan saki sinadaran da ke jawo wasu fararen ƙwayoyi na sahun gaba. Wannan na faruwa ko da tsakanin ɓerayen da halittarsu ɗaya ce, kuma magungunan da aka yi domin ƙwayoyin T ba su cika hana shi ba. Rage lokacin ajiya da kyautata shi ne babban maganinsa.

Na biyu shi ne harin ƙwayoyin T a makonni da watannin farko. A nan ne magungunan suka fi yin tasiri. Domin gano shi da wuri, Philip Caves ya ƙirƙiro a Stanford a farkon shekarun 1970 wata siririyar na'ura da ake zurawa ta jijiyar wuya a gutsuro ɗan ƙaramin yanki na tsokar zuciya, bayan an gwada ta kan karnuka. Margaret Billingham ta tsara ma'aunin da ake auna tsananin kumburin da shi.

Na uku kuwa a hankali yake ci, shekara da shekaru. Bangon jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kan yi kauri daga ciki har hanyar jini ta ƙuntata. An ga haka a jikin karnukan Stanford da suka daɗe, an kuma gan shi a jikin Philip Blaiberg, mutum na biyu da Barnard ya yi wa dashe, wanda ya rayu watanni 19 kafin rasuwarsa a 1969. Da yake an yanke jijiyoyin da ke kai saƙon zafi lokacin dashe, mai jinya sau da yawa ba ya jin ciwon ƙirji da zai gargaɗe shi.

Kimanin rabin waɗanda suka kai shekaru goma da dashen zuciya suna da wannan matsala. Saikulosforin bai magance ta ba. A shekara ta 1997 masu bincike a Boston sun nuna cewa ƙananan ɓerayen da ba sa iya samar da sinadarin intaferon-gama ba sa samun wannan kauri na jijiyoyi, duk da cewa tsokar zuciyar kan fuskanci hari. Wannan ya nuna hanyoyin biyu sun bambanta.

Sirolimus da ɗan'uwansa eberolimus suna hana ƙwayoyin bangon jijiya yaɗuwa, kamar yadda aka fara gani a jikin ɓeraye. Wani gwaji kan mutane 634 da aka wallafa a shekara ta 2003 ya nuna eberolimus ya fi azatiyofirin rage wannan kauri. To amma suna jinkirta warkewar rauni.

Iyakar gwajin dabbobi

Ba duk abin da ya yi aiki a jikin ɓera ke aiki a jikin mutum ba. A shekara ta 1996 masu bincike a jami'ar Emory da ke Atlanta sun toshe hanyoyi biyu da ƙwayoyin T ke karɓar umarni, sai ƙananan ɓeraye suka riƙe zuciyar dashe na dogon lokaci. Da aka koma kan birai da mutane, sakamakon bai kai haka ba, kuma ɗaya daga cikin magungunan farko ya haddasa daskarewar jini a jijiya.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, ɓeran ɗakin gwaji a wuri mai tsafta aka raine shi, garkuwarsa ba ta saba da yaƙi ba. Mutumin da ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da sauran cututtuka yana da tarin ƙwayoyin T masu tuna baya, waɗanda danne su ya fi wuya. Ban da haka, zuciyar da ke cikin cikin ɓera ba ita ke ɗauke da nauyin tura jini ga dukkan jiki ba.

Daga alade zuwa biri, zuwa mutum

Ƙarancin masu ba da zuciya ya sa ake binciken dasa zuciyar dabba. Idan aka sa wa biri zuciyar alade yadda take, garkuwar jinin birin kan lalata ta cikin mintuna ko sa'o'i, kuma babu ɗaya daga cikin magungunan da aka ambata da ke iya hanawa. Sai da aka sauya halittar aladun, aka cire wani nau'in sukari da ke bayan ƙwayoyinsu.

A shekara ta 2016 Muhammad Mohiuddin, likita ɗan asalin Pakistan da ke aiki a Amurka, da abokan aikinsa suka ba da rahoton zuciyar alade da ta yi kwanaki 945 tana bugawa a cikin cikin gwaggon biri. Lokacin da aka rage maganin da ke toshe hanyar da ake kira CD40, sai jikin birin ya ƙi ta. A 2018 masu bincike a birnin Munich na Jamus sun maye gurbin zuciyar gwaggon biri ɗungurungum da ta alade, biri ɗaya ya kai kwanaki 195, bayan sun haɗa da magungunan kashe kumburi da sabuwar hanyar ajiye zuciya.

A ranar 7 ga Janairun 2022 aka dasa wa David Bennett zuciyar alade a jami'ar Maryland. Ya rasu bayan watanni biyu, an kuma gano alamun wata ƙwayar cutar aladu a zuciyar. Mutum na biyu, Lawrence Faucette, ya rayu kimanin makonni shida a 2023.

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta dashen sassan jikin ɗan Adam bisa sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988, ta kuma hana sayar da su. Batun alade kuwa, malamai na tattauna shi ne a babin larura.

Abin da ya shafi arewacin Najeriya

Ciwon zuciyar da ke kai mutum ga buƙatar dashe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawan raunin tsokar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, kuma yankin na cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya.

Sai dai dashen da aka saba da shi a yankin na ƙoda ne. An yi na farko a Najeriya a asibitin St Nicholas da ke Legas a shekara ta 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara nasa a 2002. Magungunan da masu sabuwar ƙoda ke sha su ne dai na masu sabuwar zuciya, kuma ƙa'idojinsu ɗaya.

Ta farko, maganin na danne harin ne kawai, bai kawar da shi ba. Kamar yadda aka gani a jikin birin da aka rage wa magani, ko bayan shekaru kumburi na iya tashi idan aka daina sha. Ga iyalai da dama, kuɗin maganin na kowane wata ya fi na tiyatar wahalar ɗauka, domin ba ya ƙarewa, kuma ya kamata a yi lissafinsa tun kafin a shiga aikin.

Ta biyu, ana auna yawan takrolimus ko saikulosforin a cikin jini lokaci-lokaci, domin tazarar da ke tsakanin ƙarancinsa da yawansa ƙarama ce. Irin wannan awo sai a manyan asibitoci, wanda ke nufin tafiya a kai a kai ga mazaunin karkara.

Ta uku, garkuwar da aka danne ba ta iya tsare tarin fuka da ke kwance a jiki, ga shi kuma Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Maganin tarin mai suna rifamfisin yana sa hanta ta narkar da takrolimus da saikulosforin da sauri, har su yi ƙaranci a jini. Don haka dole likitan tarin da likitan dashe su san da juna. Haka kuma likitoci na gargaɗi kan haɗa magungunan da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da kuma sauya lokacin sha saboda azumi ba tare da shawara ba.

Akwai kuma gargaɗi ga wanda ba a yi wa dashe ba. Deksametason da firednisolon da ake saye a shagunan magani domin ciwon gaɓoɓi, ko domin yin ƙiba a cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, ko waɗanda makiyaya ke yi wa dabbobi allura, daga wannan rukuni suke. Suna kwantar da kumburi, amma suna buɗe wa cututtuka ƙofa kamar yadda suka yi wa karnukan Stanford a 1965. Wanda ya daɗe yana shan su kuma bai kamata ya daina farat ɗaya ba, sai dai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali.